Rasuwar Baba Firmin, Mai Ɗakin Karatun Sarvignac

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Sayar da Littattafai ta garin Sarvignac ta samu labarin rasuwar ubanta kuma tsohon shugabanta, mai kula da ɗakin karatu na gari, dattijon arziki Firmin Calvayrac, wanda yaro da babba ke kira Baba Firmin, a safiyar Laraba bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya fara da tallar littattafai a kwando, ƙauye zuwa ƙauye, kafin ya buɗe shagonsa na bakin gada, inda rabin 'yan ƙungiyar nan suka koyi ɗinkin littafi a hannunsa, suka kuma sha faɗansa. Da aka kwaso littattafan gidajen ibada aka jibge a tsohon rumbun gari, ɓera na ci, ruwa na ɗiga, shi ne ya rufe shagon da ke ciyar da shi, ya duƙufa har sai da rumbun ya zama ɗakin karatu.

Abin da har yau muke riƙe baki a kansa kuwa, bara ya faru. Majalisar gari, don tana son wurin ta ajiye gangunan ruwan inabi, ta yanke cewa duk littafin da aka tarar bakin shafukansa a haɗe yadda ya fito daga maɗaba'a, ba wanda ya sa wuƙa ya tsaga don ya karanta, za a ba masu cuku da man shanu su yi ƙunshi da shi. Masu dabara suka ce ya bi su da wuƙa kawai, wa zai sani? Ya ce, "Ku ji mini mutane. In na tsaga ban karanta ba, wa na cuta, majalisa ko littafin?"

Tsohon nan da idonsa ya riga ya dushe, sai ya riƙa lalubo littattafan da ba a tsaga ba da ɗan yatsa, yana kai wa mutane har wurin sana'arsu don su tsaga su karanta. Da kunnenmu muka ji shi a mawanka yana ce wa wata mai wanki, "Ke Perrine, bakin zagin miji kina da shi, na karatu ne babu?" Mahauci ya karanta ilimin taurari, mai fiton kwale-kwale ya karanta tarihin Rum, kuma duk wanda ya dawo da littafi sai ya amsa tambayoyi a tsaye. Wallahi ba mu taɓa ganin irin wannan ba, ba ma zaton za mu sake gani.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakinsa, Uwargida Honorine Calvayrac, da 'yarsu Apolline, tare da addu'ar Allah ya jiƙansa, ya ba su ƙarfin zuciya da juriyar wannan babban rashi.

Kantar littattafai ɗaya ya bari ba a gama karantawa ba, masu duba na majalisa kuma suna tafe da zarar an gama tsinkar inabi. Uwargida Honorine ta roƙi kada kowa ya kawo fure, wanda ya zo gaisuwa ya ɗauki littafi ɗaya daga kantar nan ya tafi da shi. Ita ta riga ta ɗauki mafi kauri, ta ce masu zaman makoki su rage surutu, karatu take yi.

Gaspard Teyssandier
Magatakarda kuma Kakakin Ƙungiya
Sarvignac, Satumba 1838