Bedin Baba da Lambun Inna

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya aiki, yaya zaman bariki? Ina Anti Rabi da yara? Mu nan Ƙofar Guga lafiya lau, alhamdulillahi.

Bedin nan, wato dogon yaron da marigayi Baba ya dasa, ya yi girma har ya hana rana shiga lambun Inna. Yakuwarta da alayyahu sai su fito sirara, su yi rawaya, su mutu. Kawu Iro ya ce a sare bishiyar. Inna ta ce, "Sai dai bayan raina."

Da ƙyar ta yarda aka rage rassan gabas. Da reshen farko ya faɗo ta shige ɗaki tana kuka, don a ƙarƙashinsa Baba yake shimfiɗa buzunsa. Na bi ta na zauna kusa da ita.

Yanzu hantsi yana sauka kan shukar, yakuwa ta murmure, amma Inna ta rage magana. Tunda ku sojoji kun miƙa mulki ga farar hula, ka nemi hutu ka zo ta gan ka.

Ka sa ta a addu'a. A gaida mutanen gida.

Ƙanwarka,
Hadiza