Madubin da Aka Rataya a Ƙofar Gidanmu

Zuwa ga ɗana Miladin,

Gaisuwa mai yawa daga gida, tare da addu'ar Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Katarina da jikana Vidak. Allah ya raya shi, ya sa ya gaji halin kakansa, ya sawwaƙe masa taurin kansa kaɗan. Mu nan lafiya muke. Ƙafata tana damuna da safe kamar yadda ka sani, in rana ta ɗaga sai ta saki. Ƙanwarka Slavka tana nan tare da ni tun ranar da ka koma, ta ƙi barina in kwana ni kaɗai. Itatuwan da ke bayan gida sun yi 'ya'ya fiye da bara, sai dai mai kakkaɓe su ba ya nan. Na ba Dragutin direban bas wannan takarda da hannuna, haɗe da kwalbar zuma da dakakken tattasai da kake so. Ka ba shi gahawa in ya kawo, hanyar Stuttgart ba kusa ba ce.

Na zaɓi in rubuto maka maimakon in kira ka, domin wayar gidan nan ta daɗe da samun kunne na uku. Ranar da ka kira ni kana roƙona in yi arba'in ɗin mahaifinka a taƙaice, ni da Slavka da limamin coci kawai, ka ji na ce maka to. Ba amsata ba ce, amsar da na ba mai saurarenmu ce. Taka amsar ga ta nan, kuma ina so ka karanta ta a zaune, cikin natsuwa.

Ka san abin da mahaifinka Vidosav ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe a kai. Tun da aka ce za a cusa kogin Studena cikin bututu don a samar da lantarki, shi ne yake tara mutane a kan gada, shi ne yake tsayawa gaban motocin haƙa da sandarsa. Da gwamnati ta ce aikin ya shiga sahun tsaron ƙasa, sai duk wanda ya tsaya a gadar nan ya zama abin tuhuma. Na ɗauka da ya mutu za su ƙyale shi. Mako guda bayan tafiyarka wasu mutane biyu suka zo da mota mai tsani, suka ɗaura kyamara a kan falwayar da ke fuskantar ƙofarmu. Da Slavka ta tambaye su dalili, suka ce saboda ɓarayi ne. Ta ce musu abin da aka taɓa sata a wannan ƙauye tun tasowarta kaza ɗaya ce, ita ma dila ne ya ɗauka. Ba su yi dariya ba.

Ba a jima ba muka ga ɓarayin da suke nufi. Sreten mai raba wasiƙu ya zo mini ta'aziyya ranar Talata, ranar Alhamis aka kira shi ofis aka nuna masa hotonsa yana shiga gidanmu, aka tambaye shi ko yana son ya kai lokacin fansho. Aka yi wa wata ma'aikaciyar asibiti haka, aka yi wa mai gadin makaranta. Sai ƙafa ta ɗauke. Gidan da ka bari cike da jama'a ya koma shiru, in dafa gahawa ta huce a kan murhu. Mutane suna haɗuwa da ni a shago su riƙe hannuna, idonsu yana kan hanya. Ban ga laifinsu ba, mai iyali ba ya wasa da abincinsa. Amma ka yi tunani, Miladin. Babu kabari a maƙabartar nan cikin shekaru talatin da mahaifinka bai sa shebur a haƙarsa ba. A ce ranar arba'in, ranar da ransa zai yi sallama da gidansa, ya leƙo ya tarar da mata biyu da teburi babu kowa. Wannan shi ne abin da ya hana ni barci, ba kyamarar ba.

Inna Perka maƙwabciyarmu ce kaɗai ba ta fasa zuwa ba, domin a cewarta wadda ta haura tamanin ba ta da abin da za a ƙwace mata sai tari. Wata safiya tana zaune a tsakar gida sai ta ce mini ta yi mamakina, mace mai kiyaye al'ada kamata. Na tambaye ta me na bari. Ta ce na rufe madubin ɗaki, na rufe na zaure, na rufe talabijin, har gilashin kabad na yafa wa ƙyalle kamar yadda ake yi a gidan makoki, don kada ran mamaci ya ga kansa ya maƙale, ga shi kuwa na bar wani gilashi tsirara yana kallon ƙofar da zai bi ya fita. Na ɗaga kai na dubi kyamarar nan. Gilashi ne, kuma yana riƙe fuska fiye da kowane madubi. Na shiga ɗaki na buɗe akwatin aurena, na ɗauko farin tawul mai surfani da mahaifiyata ta yi mini. Slavka ta ce za ta hau ta ɗaura, na hana ta, domin aikinta na koyarwa shekara shekara ake sabunta shi. Na ɗauko doguwar sandar da mahaifinka yake kakkaɓe itatuwa da ita, muka ɗaga tawul ɗin ni da Perka, muka yafa masa da rana tsaka, kowa yana gani.

Da yamma sai ga Budimir ɗan sanda, ɗan marigayiya Desanka, tare da wani mutum daga babban birni mai taushin hannu. Budimir ya hau tsani ya sauko da tawul ɗin, ya ninke shi da kyau ya miƙo mini bai dube ni ba. Na shigar da su, na ba su gahawa da dafaffiyar alkama da zuma, domin ba a shiga gidan makoki a fita baki a bushe. Baƙon ya yi mini magana cikin ladabi, ban rage masa wannan ba. Ya ce ƙasa tana bukatar lantarki, akwai hannun 'yan waje a cikin masu tayar da hankali, kuma taɓa na'urar nan laifi ne da ya shafi tsaron ƙasa. Ya ce su ba sa son komai sai su san fuskokin masu shige da fice, mai gaskiya kuwa ba ya tsoron a gan shi. Na bari ya gama, sannan na gaya masa cewa na yi aikin ungozoma a wannan kwari tun kafin a haife shi, fuskokin da yake nema ni na fara wanke su, har da ta wanda ya rako shi, kuma ban taɓa ciro ɗan waje daga cikin kowace mace ba. Na ce masa ni ma ina son ƙasata da haske, amma ban san ƙasar da zaman makokin tsoho zai girgiza ba, in kuwa akwai ta, to ba kyamara take bukata ba. Na ƙara da cewa muddin ran mijina yana gidan nan, babu gilashin da zai kalli ƙofarsa. Ya rubuta wani abu ya tafi.

Washegari da na fito, sai na ga abin a rufe da wani tawul da ba nawa ba. Na Perka ne. Budimir ya zo ya sauke. Kashegari na matar mai gasa burodi, bayansa na wata da ba mu ko gaisawa tun rigimar iyakar gona. Babu wanda ya shirya wannan, kuma babu hannun mai albashi a ciki, duk tsofaffi ne da ba a korarsu daga ko'ina. Ka san Budimir da tsoron hawa sama tun yana ƙarami. Perka takan tsaya ƙarƙashin tsani tana ce masa ya riƙe da kyau, kada tsaron ƙasa ya faɗo ya karya ƙugu. Rannan ya sauko yana gumi ya ce mata, "Inna, don girman Allah, in za ku rufe ku rufe, amma wa ya koya muku ƙulli biyu?" Daga baya sai tsanin ofishinsu ya fara ɓata. Yau an ara, gobe ya karye. Ba ya samun zuwa sai rana ta yi sanyi, mutane kuwa suka gane, suka riƙa shigowa da hantsi. Ban tambaye shi ba, bai gaya mini ba. Na dai san wanda ya haƙa kabarin mahaifiyarsa.

Ranar arba'in muka je kabari da liman, muka kunna kyandir, muka zuba ruwan inabi, muka dawo. Ɗana, tsakar gidan nan bai ɗauki jama'a ba, sai da aka jera tebura har cikin lambu. Sreten ya zo, ma'aikaciyar asibiti ta zo, mai gadi ya zo da matarsa. A saman falwaya kuwa tawul ɗina ne na fari. Aka ci, aka sha, aka ba da labaran mahaifinka, har da na ranar da ya kori injiniya da kwandon kifi. Da aka gama na shiga na yaye ƙyallen madubai ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi idan rai ya kama hanyarsa. Da na ga fuskata a madubin zaure sai na tsaya. Na riga na gaya wa mutumin nan na babban birni cewa saboda mamaci na rufe. Yanzu mamaci ya tafi. In na bar tawul ɗin a can, na zama maƙaryaciya, kuma na tabbatar masa da cewa muna da abin ɓoyewa. Vidosav bai taɓa hawa gadar nan da rufaffiyar fuska ba.

Na fito na ce wa jama'a zan buɗe madubi na ƙarshe, duk mai aikin da yake tsoron rasawa ya bi ta ƙofar lambu, ya tafi da albarkata da ƙunshin abincinsa, kuma duk wanda ya yi masa gori ba shi ba gidana. Wasu sun tafi, na sumbaci goshinsu, har yau ina ganin girmansu. Mafi yawa ba su motsa ba. Sreten ya cire hula ya gyara gashinsa da yawu, ya ce hoton farko bai yi masa kyau ba. Perka ta ce a dakata ta sa haƙoranta. Na matsa kusa da Slavka na ce mata ta bi ta lambu, umarni ne. Ta dube ni da idon nan na ubanku ta ce, "Mama, gobe da wane baki zan ce wa yara su ɗaga kai in suna magana?" Na ƙyale ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗaga sandar na janye tawul ɗin, muka tsaya muna kallonsa yana kallonmu. Babu wanda ya yi ihu ko ya ɗaga hannu. Shirun ya kai har ana jin kogin daga bayan gidaje.

Ba zan ɓoye maka abin da ya biyo baya ba. An sanar da Slavka cewa ba za a sabunta aikinta ba. Ta yi kuka, ni ma na yi, kuma nauyin wannan yana wuyana duk da cewa ita ta zaɓa. Yanzu iyaye suna turo mata yara gida da yamma, suna shigowa ta ƙofar gaba. Ni kuma an kira ni gaban alƙali a wata mai kamawa, zan sa baƙar rigata ta coci in je in maimaita abin da na faɗa. Motocin haƙa suna nan a bakin kogi, mutane kuma sun koma kan gada ranar Lahadi, sun fi na da yawa. Ban ce maka za mu yi nasara ba, wannan yana hannun Allah.

Saboda haka kada ka sayo mini tikitin zuwa Stuttgart, kada ka sake gyara mini ɗakin da ka ce. Na san tsoro ne na ƙauna ya sa ka faɗi abin da ka faɗa, ban riƙe ka da komai ba. Ka gaishe mini da Katarina, ka gode mata da safar da ta aiko. Ka sumbaci Vidak. Ka gai da kawunka Radosh, ka ce masa ya rage taba. Slavka tana gaishe ku, Perka ta ce ka yi ƙiba a hoto, Sreten ma yana gaisuwa.

Abu ɗaya nake nema a wurinka. In an zo addu'ar cikar wata shida, ka zo. Kada ka sauka a bayan coci ka biyo ta lambu. Ka sauka a kan titi, ka shigo ta ƙofar gaba, in ka iso falwayar nan ka ɗaga kai. Kai ne ka ɗauko fuskar mahaifinka. Bari su ɗauka ya dawo.

Mahaifiyarka mai yi maka addu'a kullum,
Stamena