Babbaka Ba Taya

Litinin, 18 ga Agusta, 2025

Yau na sa ƙafa na ture tayar da Yaya Ikrima ya gangaro min. Na ce masa daga yau kai da ƙafar da zan babbaka ba za su sake ganin wutar taya ba. Ya ɗauka wasa nake. Shi ya koya min sana'ar nan a filin bayan gidajenmu na Fagge, tun ban iya riƙe wuƙar kankara ba, to dole ya ji abin wani iri.

Ba karatu ne ya sa ni ba, ina na gan shi. Darbejiyar bakin filin na daɗe ina kallo. Ɓangaren da hayaƙinmu yake bi ganye ya ƙare, ɗaya ɓangaren kore shar. Kuma iskar da take bi ta kanta tagar ɗakinmu take nufa, inda matata Kamila take kwance da tsohon ciki. Jiya ta goge hancinta da farin ƙyalle ta miƙo min. Ya yi baƙi ƙirin.

Alhamis, 21 ga Agusta

Abin tsoron Madam Adaeze ce. Gidan abincinta na Sabon Gari shi ne tuwonmu. Kusan duk kawunan awakin da nake yi nata ne, farfesu take yi da su, kuma so take su iso kafin ta ɗora tukunya. Taya kuwa nan da nan take lashe gashi. In na fara makara ta canza ni, ban san inda zan dosa ba.

Na yi tunanin itace. To in na bar ƙona taya na koma ƙona bishiya, me na yi ke nan?

Asabar, 23 ga Agusta

Sylvester kafinta, na layin su Madam, ya ba ni dusar katako kyauta, har da godiya. Ashe damunsu take yi, sai su faki ido su tura ta lambatu. Da farko ya tambaye ni ko gidan kaji zan buɗe. Da na yi masa bayani sai ya tsuguna ya zana min a ƙasa yadda mahaifiyarsa take girki da ita a garinsu: a tsayar da taɓarya tsakiyar gwangwani, a danƙara dusa kewaye da ita, a zare taɓaryar a hankali, a kunna ta ƙasa. Ni da rabin duro zan gwada.

Laraba, 27 ga Agusta

Ta kama! Harshen wutar ta ramin yake fitowa, tsaye, hayaƙin ɗan kaɗan ne kuma fari. Amma kai ɗaya-ɗaya take ci. Na makara. Madam ba ta kalle ni ba, agogon bango ta kalla.

Yaya Ikrima ya sa min suna Likita. Duk filin sun ɗauka.

Talata, 2 ga Satumba

Ruwan jiya ya jiƙa dusar, ta ƙi kamawa. Na hura har kaina ya yi juwa. A ƙarshe na kwashi kawunan na kai wa Yaya Ikrima ya yi min a wutarsa. Bai tsokane ni ba, karɓa kawai ya yi. Da ma ya tsokane ni.

Yanzu buhunan ƙarƙashin gado suke kwana. Kamila ta ce saura masara da ruwa, ta zama kaza. Na kuma gane dusar katakon silin ba ta yi, warin gam take. Sai na riƙa shinshina buhu kafin in ɗauka, yaran Sylvester suna ta dariya.

Talata, 9 ga Satumba

Wannan ban taɓa kawo shi a raina ba. Na daina makara, tunda da an sallame Asuba nake kunnawa. Amma yau Madam ta zaunar da ni a benci.

"Tasi'u, mutanena sun ce farfesun ya zama na asibiti. Me ka cire?"

Na ce ban cire komai ba sai taya. Ta ce to ita suke nema. Wai akwai wani ɗan ɗaci-ɗaci da yake tsayawa a maƙogwaro, tsofaffin kwastomominta shi suke kira ɗanɗanon Kano, wani ma in ya je gida hutu kewarsa yake yi. Na rasa dariya zan yi ko me. Shekara da shekaru muna ciyar da mutane taya, har ta zama kayan miya.

Ta ce Asabar 'yan garinsu suna bikin sabuwar doya, ita aka bai wa girkin, kawunan sun ninka na kullum. In yi mata irin na da, a kan lokaci, ko ta nemi wani.

Juma'a, 12 ga Satumba

Bayan masallaci na tarar da taya jingine da durona. Yaya Ikrima yana gefe yana wasa wuƙa. Ya ce, "Likita, ka yi na gobe kawai. Jibi sai ka tuba."

Na tambayi Kamila. Ta ce ita hayaƙi ba ta so, yunwa ma ba ta so, kuma ragon suna ba a saye shi da dusa ba. Gaskiyarta. Na daɗe zaune a ƙofar ɗaki.

Na je Kwaciri na aro wani rabin duron wajen mai walda. Tayar na mayar wa Yaya Ikrima wajen zamansa.

Asabar, 13 ga Satumba

Duro biyu, hannu biyu. Gashin hannuna ma ya babbake. Na yi iya yina, rana ta take ban gama ba. Na kai abin da ya samu, sun fi rabi, fes da su, jawur. Madam ta leƙa buhun, ta tambayi sauran. Na faɗa mata. Nan take ta karɓi lambar wayar Yaya Ikrima a wajena.

Laraba, 17 ga Satumba

Ba ta kira ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Har yau. Ƙafar saniya ta matan unguwa nake ɗan yi. Kamila ta rage man miya, tana zaton ban lura ba. Ban fasa zuwa wajen Sylvester ba, ta bayan layi nake bi don kada Madam ta ce roƙo na zo.

Alhamis, 25 ga Satumba

Ta kira. Ashe Keziah, mai yi mata girki, ita ta tayar da rigima. Kawunan taya sai an dirje su da soso da omo, ruwa bayan ruwa, ga 'yan garuwa sun ƙara kuɗi. Shekaranjiya kuma wayar cikin taya ta maƙale a kunnen akuya ta soke ta a yatsa. Da na je, Keziah ta nuna min yatsan a naɗe kamar ni na soke ta. Ta ce nawa ɗauraya ɗaya ne.

Madam ta ce daga Litinin zuwa Alhamis nawa ne. Juma'a da Asabar, ranakun tsofaffin nan masu neman ɗacinsu, na Ikrima.

"Ba wai na yarda da kai ba ne," ta ce. "Ruwa ne ya yi tsada."

Na ce na gode, Madam. Ranakun da ta ɗauke su ne masu nauyin. Na sani, ita ma ta sani.

Asabar, 4 ga Oktoba

Aiki ya yi wa Yaya Ikrima yawa yau. Ya kira ni da sunana, ba Likita ba. Ya ce in zo mu riƙa yin na ƙarshen mako tare a wutarsa, mu raba daidai, ba ya son a ce ya ƙwace wa ƙaninsa abinci ga haihuwa ta matso. Har zuciyarsa yake nufi, na san shi.

Na tashi na je. Na ɗauki kai ɗaya ma. Iska ta juyo da hayaƙin, sai tari ya turnuƙe ni, hawaye sharkaf, kamar baƙon da ya zo sayen ganda. Na ajiye kan na ja baya.

"Kai da ka girma a cikinsa?"

Na ce mura nake yi. Ya dube ni, ya ce Allah ya sawwaƙe. Na kwashi waɗanda ya gama na koma wajen durona na kankare masa, ban karɓi komai ba.

Asabar mai zuwa ma ina jin murar nan ba za ta sake ni ba.