Na Ɗauki Mutumin Aila a Mota

Baffa, assalamu alaikum. Ya jiki? Ya Inna da mutan gida? Muna Madina lafiya.

Ka tuna Aila, garin Bani Isra'ila da kake mana tafsirinsa, inda aka hana su kamun kifi ranar Asabar? Shekaranjiya a Bi'ir Ali, wurin ɗaukar harami, na ɗauki wani dattijo ɗan garin Akaba a mota, ya ce garinsu ne ake kira Aila a da. Na ce, "Har yanzu kifin na fitowa?" Ya ce, "Kifi na nan, mutanen ne babu."

Baffa, waɗanda ba su kama kifin ba, ba su kuma hana masu kamawa ba, ya aka yi da su? Akwai abin da bai dace ba da nake gani a wurin aiki, na yi shiru.

A sa ni a addu'a. A gaishe da Inna.

Ɗanka, Habibu