Baba ya bar wa Baffa injin

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka gaisuwa irin ta wanda ya daɗe bai ga ɗan'uwansa ba, ina kuma roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Mu nan mun gode Allah. Umma na nan tana fama da ƙafarta, wata rana ta lafa, wata rana ta tashi, amma bakinta dai garau yake, har yanzu ba mai ajiye kofi a inda ba ta ce ba. Auta ta koma makaranta. Ni kuma ina nan a gaban shago kamar yadda ka bar ni, ina fama da masu zuwa su zauna a kan kujerun sayarwa su sha hira su tafi.

Yaya, zuciyata ba daɗi, shi ya sa na zauna rubutu. Maganar Baba ce. Ba ciwo ya kwantar da shi ba, kada hankalinka ya tashi, amma ya daina taɓa injin yanka katako, kuma ka san abin da injin nan yake a wurinsa.

Watan jiya masu duba lafiyar wuraren aiki suka zo zagayensu na shekara. Mun shirya kamar kullum, an share garin katako, an sake cika tukunyar kashe gobara, na kimtsa akwatin magani. Wanda ya zo bana sabo ne, mutum mai natsuwa, har ya rusuna ya gaida Baba. Ya duba wayoyin wuta, ya ce a kwashe guntayen katakon da suka tare ƙofar baya, ya ce a riƙa sa abin toshe kunne. Baba yana ta gyaɗa kai yana murmushi. Da suka zo kan injin sai ya tambayi yadda ake tsayar da shi idan wani abu ya faru. Baffa ya yi masa bayani, cewa Baba ke tura katako, shi yana karɓa ta ɗaya gefen, makunnin yana wajen Baba, in da matsala sai ya yi magana Baba ya kashe. Mutumin ya ce to a gwada ya gani, amma kada a sa katako.

Baba ya tayar da injin ya tsaya a wurinsa, ya sunkuyar da kai yana kallon zarton kamar yadda ya saba. Baffa ya ce a kashe. Baba bai motsa ba. Baffa ya sake faɗa da ƙarfi, ya sake, har mai ɗinkin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya ga ko lafiya. Wallahi Yaya, a kan idona aka yi wannan. Zarton yana ta juyawa, Baba yana tsaye hankali kwance. Sai da mai dubawar ya zagaya ya kashe da kansa, sannan Baba ya ɗago yana tambayar ko an gama.

Ashe kunnensa ya daɗe da yin nauyi. In kana gabansa yana kallon bakinka, kuma wurin shiru, yana kama magana, amma da zarar injin ya tashi shi ke nan. Mu kuma a gida dariya muke yi, muna cewa Baba ya iya share mutum, musamman in Umma ta fara lissafin laifukansa. Baffa ne kaɗai ya sani. Shekara da shekaru, in yana son a tsaya sai ya buga katakon da tafin hannu, Baba ya ji motsin a hannunsa ya kashe, shi kuma ya haɗa da magana don kada kowa ya gane. Ko Baban bai lura cewa da hannu yake ji ba. Ranar gwajin ba katako a tsakaninsu, shi ya sa abin ya fito fili.

Mai dubawar bai ci mutuncin kowa ba, Allah ya saka masa. Ya ce ba zai rufe shago ba, a sa makunni na biyu a gefen Baffa, a haɗa jan ƙwan fitila inda idon Baba zai gani, a kai shi asibiti a duba kunnen, in an yi haka yana iya ci gaba da aikinsa. Duk an yi, mai dubawar ya dawo ya gani ya gamsu. Likita ya ce abin da ƙarar injin ta cinye ba ya dawowa, sai dai a kiyaye sauran.

To amma Baba ya ƙi komawa. Ranar da aka gama haɗa fitilar ya kira Baffa ya kama hannayensa biyu yana jujjuya su, yana bin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na ji da kunnena ya ce, “Da hannunka ya shiga zarton, da me za ka buga katakon? Kana ihu ina turawa ke nan.” Baffa ya fashe da kuka, dattijo da furfurarsa, yana cewa kunya ya ji ya faɗa wa yayansa ya kurumce. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ja Baffa ya tsayar da shi a wurin turawa, ya ce a nemo wanda zai riƙa karɓa, ya fita waje.

Yanzu a bakin ƙofa yake wuni kusa da ni, yana shafa wa kujeru fenti, aikin da a da yake cewa na masu kasala ne. Ya juya wa injin baya. Na roƙe shi, Umma ta roƙe shi, Baffa ya yi kwanaki bai kunna ba yana jiransa, amma ya ce shi ba zai sake tsayawa da zarto tsakaninsa da ɗan'uwansa ba. Abinci ma kaɗan yake taɓawa, ya rame, hularsa har ta yi masa yawa.

Ina roƙonka ka nemi hutu ka zo, ko na 'yan kwanaki ne. Kada ka ce za ka lallashe shi ta waya. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, duk kiran nan da kake yi yana cewa to, to, Allah ya yi albarka, ba jin ka yake yi ba. In ya ajiye sai ya tambaye ni me ka ce.

Ka gaida Anti da kyau, ka shafa mini kan takwarata da Mai Sunan Baba. Umma, Baffa da Auta duk suna gaishe ku. Baba ya ga ina rubutu ya tambayi ko kai ne, na gyaɗa masa kai. Ya ce in gaishe ka, in gaya maka kowa lafiya, aiki na tafiya yadda ka sani. To, na gaya maka.

Taka ƙanwa mai kewarka.