Da Sauƙi Sau Goma Sha Bakwai

Malaz, Riyad. Asabar, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma agogon nan, biyu da minti goma ke nan a Zariya. Yau kwana ashirin da biyu da aka kai ki makwancinki. Ni kaɗai ne a ɗakin da muke haya mu uku, sauran suna wurin aiki.

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na sa ta a fili ne don Yaya Bilki da sauran 'yan'uwa su karanta, domin bakina ya kasa faɗa musu.

Inna, na yi wata bakwai ina caca. Ban taɓa kiranta da sunanta ba sai yau. Karta ce ta intanet, ana ce mata foka, mutum ya zuba kuɗi da waɗanda bai taɓa gani ba. Na fara ta wata biyu bayan na samu aikin shigar da bayanai a wani ofis a Ulaya. Na san haramun ce, na san ƙasar nan ta hana. Sai na ce wa kaina ni ba ɗan caca ba ne, mai digiri ne a ƙididdiga, lissafi nake yi.

Abu na farko da ake koya a wasan shi ne hawa da sauka. Mutum yana iya yin daidai ya faɗi, ya yi wauta ya ci. Don haka ba a yanke hukunci da rana ɗaya ko mako ɗaya. Ana ware jari, a ƙi taɓa shi, musamman idan ya yi ƙasa. In an ci ba a murna, in an faɗi ba a huci. Kin san ni da fargaba, ke kike cewa ko ƙofa na kulle sai na koma na girgiza ta sau biyu. A wasan nan na koyi ganin mugun abu hannuna bai yi rawa ba. Na ɗauka magani na samu.

Kin yi kwana ashirin a asibiti. Kullum in na tashi daga aiki ina kiran Yaya Bilki, ina rubuta amsarta a bayan littafin da nake rubuta sakamakon wasa. Ga shi a gabana. Sau goma sha bakwai ta ce da sauƙi. Sau biyu ba ta ɗauka ba. Sau ɗaya, ranar Litinin ta ƙarshe, ta ce da sauƙi, amma in na samu hali in leƙo.

Na dubi shafin kamar yadda nake duban sauran shafukan. Goma sha bakwai a gefe guda, ɗaya a gefe guda. Na ce wannan 'yar sauka ce, ba a firgita da rana ɗaya.

Ina so ki ji gaskiyar halin da nake da shi a ranar, ba ragi ba ƙari. Mudir, shugaban ofishinmu, ya riga ya ce zai ba ni hutun kwana goma duk lokacin da na so. Kafili, wanda nake zaune a ƙasar nan da lamuninsa, ya ce takardar fita da dawowa aikin yini ɗaya ne. Albashina ya tafi asibiti da haya, ban taɓa haɗa kuɗin maganinki da ko riyal ɗaya na wasa ba. Tikiti zuwa Kano da dawowa riyal dubu biyu da ɗari ɗaya ne. Jarina ya sauko daga dubu shida zuwa dubu biyu da ɗari tara, bai ma kai dubu ukun da na fara zubawa daga gumina ba. Ya isa tikiti, har da kuɗin mota zuwa Zariya. Abin da ya hana ni doka ce da na kafa wa kaina: ba a cire kuɗi jari yana ƙasa. Na ce bari ya hau, mako ɗaya.

Da ban san ma'anar kalmar ba, da na samu uzuri. Amma na sani. Ina aji uku a sakandare Baba ya kwanta ciwon ajali. Ni kika tsayar a zaure ina amsa wa masu gaisuwa. Na tambaye ki me zan ce, tunda ya daina magana. Kika gyara mini wuyan riga kika ce, "Ka ce da sauƙi. Mai gaisuwa ba shi ya ɗora ba, Allah ake gaya wa tsanani." Ranar da ya cika, da safe, na faɗa wa mutum shida da sauƙi.

Kowane Bahaushe ya san in 'yar'uwarka ta ce ka leƙo daga wata ƙasa, ta gama magana. Yaya ba ta ɓoye mini komai ba. Ni na mai da ladabinta alƙaluma.

Sau ɗaya aka kara miki waya a kunne a makon nan. Kika tambaye ni ko ina cin abinci mai zafi ko shawarma kawai. Kika ce in riƙe aikina. Minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da biyu, haka wayata ta nuna. Na ji numfashinki yana ja, na sa shi a kan rashin kyan layi.

Ranar Juma'a na dawo daga masallaci na zauna wasa. Ina ci a ranar, Inna. Hawan da nake jira ya zo. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin da biyar Yaya ta kira tana kuka, ta ce kin cika. Na yi salati, na ce mata zan kira. Karta tana hannuna a kan allo, lokaci yana tafiya, sai yatsana ya danna. Na ƙarasa zagayen, na ci. Hannuna bai yi rawa ba. Wannan shi ne abin da na kasa faɗa wa kowa. Kafin la'asar an rufe ki, ba jirgin da zai kai ni.

Na rufe asusun wasan a ranar. Kuka bai zo mini ba sai bayan kwana huɗu, a cikin bas, da na ga wata dattijuwa ta ƙulle canjinta a bakin mayafi kamar yadda kike yi.

Innata, ban zo neman sassauci ba. Na yi kewar muryarki ne, da yadda kike kiran sunana sau biyu in kina so in nutsu. Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon nan kaffara ne, ya haɗa ki da Baba a Aljannar Firdausi. Ya yafe mini, ya mayar mini da zuciyar da ke jin tsoro inda ya kamata.

Autanki,
Habibu

Ga abin da har yanzu ban sani ba:

Ko kin tambaye ni a kwana uku na ƙarshe. Yaya ta ce ba ki ce komai ba, amma ita ma tarbiyyarki ce.

Abin da zan yi da kuɗin da ya rage. Ban iya buɗe baki na tambayi malami ba tukuna.

Ko na daina ke nan. Kwana ashirin da biyu ba su isa hujja ba.

Ko da a ce jarin yana sama a makon nan, da na taso.

An ce daren Alhamis kin ce kin yafe wa 'ya'yanki duka. Ban sani ba ko yafewar ta haɗa da abin da ba a gaya miki ba.