Injin Teku a Kogin Kaduna

Sabon Tasha, Kaduna
9 ga Nuwamba, 2003

Zuwa ga ɗana Sylvanus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, da fatan kai da iyali kuna lafiya a sanyin Sikotilan. Allah ya tsare ka duk ranar da kuka fita kan teku. Mu nan da sauƙi. Uwarka Jummai idonta na hagu ya rufe sarai, na daman ma hazo-hazo take gani, amma ba ta fasa zuwa zumuntar mata ba. Ni kuma ina nan rumfata ina gyaran janareta, tunda masaƙar da na yi wa aikin injiniya a Kakuri ta zama gidan jemagu.

Na ga hoton injin da kuke gwadawa, jerin tankunan nan da igiyar teku ke lanƙwasawa har su ba da lantarki. Na daɗe ina dubansa. Ba mai, ba hayaƙi, kuma teku ba ya yajin aiki. Da ina da shekarunka da na roƙi a ba ni ko share wurin. Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganarka ta cewa za ka ajiye aiki ka dawo, domin Onarabul Garba, ɗan majalisar nan, ya ce gwamnatin farar hula tana neman irinku.

Bari ka ji yadda Onarabul ke ba da wuta. Watan jiya ya ƙaddamar da lantarki a wani ƙauye bayan Kakau. An kafa turaku, an ja waya, amma wayar ba ta haɗu da komai ba. Ni aka ɗauka haya na kai janareta cikin gonar dawa, muka rufe shi da katifu don kada a ji ƙara. Da ya danna maɓalli aka ɗaga mini hula, na ja igiya, ƙwayayen lantarki suka kama, mata suka yi guɗa. Kafin la'asar na loda kayana a a-kori-kura. Wata tsohuwa ta biyo ni har bakin titi tana tambaya ko gobe za a dawo da wutar, ta riga ta jiƙa geron kunun da za ta sa ya yi ƙanƙara ta sayar. Na ce mata ta tambayi Onarabul.

Shekaranjiya ya aiko mota aka kai ni bakin Kogin Kaduna, ƙasan gada. Ya nuna mini inda yake so a ajiye injinka kafin zaɓen ƙananan hukumomi. Na ce masa inji ne na teku, kogin nan kuwa da rani yaro ke tsallake shi da ƙafa. Ya yi dariya, ya ce ai ruwa ruwa ne, kai dai ka zo da tankunan a shafa musu fenti, ka tsaya gefensa da takardar digirinka a ɗauki hoto, sauran aikin na Baba Bitrus ne da katifunsa.

Uwarka ta riga ta sanar a coci cewa kana dawowa, tana so ta gan ka kafin ɗaya idon ya tafi. Ka zo Kirsimeti ta gan ka, amma da tikitin komawa a aljihunka. Kada ka ajiye aikin nan, Sylvanus. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ni ban ce wa Onarabul a'a ba, don wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In ka taurare ka dawo yi masa aiki, ka sani ran da za a yi maka tafi, kawunka ne ke tsugune cikin ciyawa yana jan igiya.

Ka gai da matarka Damaris da ƙaramar Hephzibah. Yarana Benson da Scholastica suna gaishe ku. Uwarka ba ta san na rubuta wannan ba, kada ka faɗa mata.

Ni ne kawunka,
Bitrus